Neman shawara kan tara kuɗi domin gidan marayu da karatun yaransa

Sakatariyar Kwamiti ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina cikin kwamitin da ke kula da wani gidan marayu mai zaman kansa, wanda yaran cikinsa ba su kai hamsin ba, maza da mata, tun daga na goye har zuwa waɗanda ke gab da kammala sakandare. Gidan ba shi da wata tsayayyiyar hanyar samun kuɗi in ban da abin da jama'a ke kawowa, kuma abin da suke kawowar ba shi da lokaci: wani watan ɗakin ajiya ya cika har a rasa inda za a sa kaya, wani watan kuma ya ƙare ba a biya masu reno albashinsu ba.

A zamanmu na baya-bayan nan, mafi yawan 'yan kwamiti sun amince a ƙaddamar da gidauniya domin gina makaranta a cikin harabar gidan, wato 'yan ajujuwa da ɗakin karatu da ɗakin kwamfuta. Hujjarsu ita ce mutane sun fi sakin hannu idan aka ce gini ne, tunda suna ganin abin da kuɗinsu ya yi da idonsu, sannan makarantar za ta ɗauke mana ɗawainiyar kai yara makarantun waje da dawo da su. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin na kasa gane yadda gidan da albashin ma'aikatansa na yanzu ke gagararsa zai ƙara wa kansa albashin malamai.

Shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki. Da me ya kamata mu fara, da ginin ko da kuɗin tafiyar da gida? Ta yaya ake shawo kan mutum ya ba da kuɗi domin abin da ba a ɗaukar hotonsa, kamar albashi da magani da kuɗin jarrabawa? Wasu matasa da ke taimaka mana sun ce mu buɗe shafin neman taimako a intanet, mu sa hotunan yaran da labarin kowannensu, domin a cewarsu hakan ne ke taɓa zuciya. Shin wannan ya dace? Akwai kuma masu cewa za su ba mu zakkarsu idan mun fara ginin, kuma ban tabbata ko ya halatta mu karɓe ta da wannan niyya ba. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi na irin wannan gida ya san ta. Kuɗin gini sau ɗaya ake nemansa, amma daga ranar da aka yanke ƙyallen buɗe shi, ginin ya zama mai cin kuɗi kowane wata: albashin malamai, wuta, ruwa, gyaran abin da ya lalace, takarda da abin rubutu. Wanda ya ba da kuɗin bulo ya tafi da ladansa, wataƙila har da sunansa a jikin bango, kuma ba lallai ne ki gan shi ranar biyan albashi ba. Gina makaranta a halin da kuke ciki tamkar sayen doki ne ba a tanadi harawa ba.

Saboda haka ku jinkirta maganar ginin, ku fara zama ku rubuta abin da gidan ke ci a shekara guda cikakkiya. Na ce shekara, ba wata ba, domin lissafin wata ɗaya yaudara gare shi: bai ƙunshi kuɗin rajistar jarrabawa ba, bai ƙunshi sabbin kayan makaranta a farkon zango ba, bai kuma ƙunshi yaron da za a kwantar a asibiti ba. Idan kun samu jimillar, ku raba ta gida goma sha biyu, wannan shi ne adadin da gidauniyarku ta farko za ta nema, kuma ba a taron rana ɗaya za ta neme shi ba, a wurin mutanen da za su ɗauki alƙawarin ba da wani abu kowane wata za ta neme shi, ko da kaɗan ne. Mutum ɗari masu ba da ɗan abin da ba zai dame su ba sun fi attajiri ɗaya amfani a gare ku, domin attajirin yana iya rasuwa, kasuwarsa tana iya karyewa, yana kuma iya yin fushi da kwamiti ya janye. Ƙungiyar SOS, wadda a yau take da gidajen yara a ƙasashe fiye da ɗari, ta samo asali ne a garin Imst na ƙasar Ostiriya a 1949, kuma wanda ya kafa ta, Hermann Gmeiner, abin da ya roƙi talakawa shi ne sulai ɗaya na kuɗin ƙasarsu a kowane wata. Wanda ya yarda, ku taimaka masa ya ba bankinsa umarnin tura kuɗin kai tsaye a ranar da ya zaɓa, domin mantuwa ta fi rowa cinye alƙawari. Kada ku kuma taɓa maganar harsashi sai kun tara ajiyar ko-ta-kwana da za ta riƙe gidan wata uku zuwa shida ko da ba a kawo muku komai ba.

Masu hannu da shuni kuwa ba cewa na yi ku ƙyale su ba, sai dai ku san inda za ku sa kuɗinsu ya jawo na wasu. An yi gwaji a kan wannan, ba zato ba ne. A wani bincike da masanin tattalin arziki John List da abokin aikinsa suka buga a 2002, an aika wa mutane wasiƙun neman taimako domin wata jami'a a jihar Fulorida ta Amurka, sai aka ga cewa waɗanda aka shaida wa an riga an samu kashi 67 cikin ɗari na kuɗin sun ba da kusan ninki shida na abin da waɗanda aka ce musu kashi 10 kawai aka samu suka bayar. Wato mutum ba ya son ya zama na farko a aikin da bai san ko zai kammalu ba. Don haka kafin ku yi shela, ku bi manya a asirce ku samu alƙawarin kaso mai tsoka, sannan ku fito ku ce saura kaza. A wani gwajin kuma na Dean Karlan da shi List ɗin, wanda aka buga a 2007 bayan an aika wasiƙu fiye da 50,000, an ga cewa idan aka ce wani ya yi alƙawarin ƙara kwatankwacin duk abin da mutum ya bayar, masu bayarwa suna ƙaruwa. Amma da aka ce zai ƙara ninki biyu ko uku na abin da mutum ya bayar, ba a ga wani ƙarin amfani a kan na ɗaya bisa ɗaya ba. Abin da ya fi dacewa da tambayarki ma shi ne binciken da Uri Gneezy da abokan aikinsa suka buga a 2014, inda aka ga mutane sun fi bayarwa idan aka tabbatar musu cewa wani babban mai taimako ya riga ya ɗauke kuɗin tafiyar da ofis, don haka nasu kuɗin zai tafi ga aikin kai tsaye. Ki duba wannan da kyau. Attajirin da ke son sunansa a bango, idan kun zauna da shi kun nuna masa littafinku, zai yiwu ya yarda ya ɗauki albashin masu reno na shekara guda, ku kuma ku samu bakin gaya wa sauran jama'a cewa duk abin da suka bayar zai tafi ga karatun yara.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai da amana, amana kuwa a wannan fage tsari ce, ba kyawun hali kaɗai ba. A yi wa gidan rajista bisa dokar ƙasarku. Asusun banki ya kasance da sunan gidan, ba da sunan shugaba ko na matarsa ba, kuma kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Kowace gudunmawa a yanka mata rasit, har da ta kaya, domin a ɗakin ajiya ne aka fi samun ɓarna ba a banki ba. A ƙarshen shekara a kira mai binciken kuɗi wanda ba ɗan kwamiti ba ne, ba kuma surukin kowa ba, a buga abin da ya gano, a aika wa duk mai bayarwa. George Müller, wanda ya fara riƙon marayu a birnin Biristol na Ingila a 1836, ya kuma kula da yara fiye da 10,000 kafin rasuwarsa a 1898, an san shi da cewa ba ya zuwa wurin kowa roƙo, amma yana fitar da rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita kowace shekara. A ganina rahoton nan shi ne ya yi masa roƙon.

Shafin intanet kuwa yana da amfani ga buƙata ta gaggawa mai iyaka, kamar rufin da iska ta yaye, amma ku sani ana cire wani kaso na kuɗin a matsayin ladan turawa, kuma mafi yawan masu bayarwa ta nan sau ɗaya suke yi su wuce. Maganar hotuna na bar wa waɗanda suka fi ni sani.

Malamar Aji ta amsa:

Ina goyon bayan Baba Ma'aji a kan jinkirta ginin, amma ni zan wuce nan in ce ko da kuɗin yana hannunku, sai kun sake tunani kafin ku gina makaranta a cikin harabar gidan. Yaron da ke kwana a gida ɗaya, ya ci a nan, ya yi karatu a nan, ya yi wasa a nan, bai san kowa ba sai waɗanda ke cikin katangar, ranar da ya kai shekara goma sha takwas aka buɗe masa ƙofa zai fita cikin duniyar da ba shi da aboki ko ɗaya a cikinta. Zuwa makarantar da sauran yara ke zuwa ba ɗawainiya ba ce kawai da za a nemi hanyar rage ta. A can ne yake samun abokan da iyayensu za su san shi, a can yake koyon yadda ake zama da mutane, kuma sau da yawa ta hanyar irin waɗannan abokai ne ake samun aikin farko. Kuɗin motar da kuke ganin asara ce, ni a wurina yana cikin mafi amfanin abin da kuke kashewa.

Sannan ya kamata mu bambanta abin da ke burge mai bayarwa da abin da ke sa yaro ya iya karatu. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma bayan rufe makarantu da aka yi lokacin korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70. Mafi yawan waɗannan yara suna zuwa makaranta, suna zaune a aji mai rufi. Ashe ba rashin aji ne kaɗai matsalar ba. A yammacin Kenya, masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa sun gwada raba littattafan karatu a makarantun firamare, sai aka tarar sakamakon jarrabawar yawancin yara bai motsa ba, in ban da na waɗanda dama su ne kan gaba a aji, saboda littattafan da Turanci aka rubuta su, sun kuma fi ƙarfin sauran. A wannan yankin dai, wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna cewa ba yara maganin tsutsar ciki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya rage fashin zuwa makaranta da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ban kawo wannan don in ce littafi ba shi da amfani ba, ni da nake koyarwa da shi. Na kawo shi ne don ku ga cewa ɗakin kwamfuta mai kyan gani zai iya zama a kulle, alhali yaron da ke aji biyar bai iya haɗa baƙi ba.

Abin da zan ba ku shawara ku nemi kuɗi dominsa shi ne malami ɗaya ko biyu da za su riƙa zuwa da yamma, su gwada kowane yaro shi kaɗai su ga inda ya tsaya a karatu da lissafi, sannan su haɗa yaran rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita, an kuma gwada ta sau da dama tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel tare da Kremer a 2019. Yaran da ke shigowa irin gidanku galibi sun yi asarar zango ko shekaru na karatu kafin su iso, don haka su ne suka fi kowa buƙatar a koma da su inda suka tsaya ba tare da an kunyata su ba. Irin wannan aiki yana da wata fa'ida ga mai neman kuɗi: yana ba ku abin nunawa. A farkon shekara ku rubuta yara nawa ne ke iya karanta sakin layi, a ƙarshenta ku sake gwadawa, ku gaya wa masu bayarwa gaskiyar abin da kuka samu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Kada kuma ku manta da manyan. Kowa yana son ya ɗauki nauyin ƙaramin yaro, amma kuɗin karatu yana yin tsalle ne daidai lokacin da tausayin jama'a ke raguwa, wato a ƙarshen sakandare da shiga jami'a ko koyon sana'a. Ku ware asusu domin wannan tun yanzu, wanda zai ci gaba da bin yaro bayan ya bar gidan, har da kayan aikin da zai fara sana'a da su.

Jami'in Walwalar Yara ya amsa:

Malama Sakatariya, ki gafarce ni, akwai tambayar da ya kamata kwamitinku ya amsa kafin duk waɗannan, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Cikin yaran nan, nawa ne ba su da kowa a duniya, nawa ne kuma ke da uwa ko kaka ko kawu da talauci ne kawai ya sa suka kawo su? Ina tambaya ne saboda a ƙasashe da dama da aka bincika, an tarar mafi yawan yaran da ke gidajen marayu suna da aƙalla uwa ko uba a raye, kuma babban abin da ke sa a kai su shi ne neman abinci da makaranta. A Kambodiya, tsakanin 2005 da 2010, yawan irin waɗannan gidaje ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari, alhali kusan uku cikin kowane yara huɗu na ciki suna da uwa ko uba. Ba marayu ne suka ƙaru ba, kuɗin baƙi masu tausayi ne ya ƙaru, gidajen suka biyo shi. Abin ya kai ga cewa a 2018 ƙasar Ostireliya ta zama ta farko da ta ɗauki raba yara da iyayensu domin a cika gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani. Ba ina zargin gidanku da wannan ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, idan kuka gina makaranta mai kyau wadda ba a shiga sai an zama ɗan gida, kun buɗe wa matalauciyar uwa ƙofar da za ta rabu da ɗanta domin ya samu ilimi, kuma za ta shiga, don ƙaunar da take yi masa.

Illar girma a gidan da masu reno ke canjawa an auna ta. Bayan faɗuwar gwamnatin shugaba Ceaușescu a Romaniya a watan Disamba na 1989, duniya ta ga halin da yara fiye da 100,000 ke ciki a gidajen gwamnati. Daga shekara ta 2000, masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, sun bi rayuwar ƙananan yara 136 a birnin Bukarest, inda aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, sauran suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai riƙo sun fi sauran ci gaba ta fuskar kaifin basira da magana da shaƙuwa da mai reno, kuma waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu su suka fi amfana. Gaskiya ne gidajen Romaniya sun yi muni fiye da kima, kuma ƙaramin gida mai kulawa ba ɗaya yake da su ba, amma darasin bai canja ba: jariri yana buƙatar mutum ɗaya tsayayye da ya san kukansa. Shi ya sa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi na'am da su a 2009 suka ce talauci shi kaɗai kada ya zama dalilin raba yaro da iyayensa, suka kuma ce yaran da ba su kai shekara uku ba a reno su cikin iyali. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 20, ta ambaci kafala, wato ɗaukar riƙon yaro bisa shari'ar Musulunci, cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyalinsa. Ruwanda ta fara shirin mayar da yaran gidajen marayu cikin iyalai tun 2012.

A aikace, wannan yana nufin wani kaso na gidauniyarku ya tafi ga neman dangin yara, da biya wa yaro kuɗin makaranta yana gidan kakarsa, da albashin wanda zai riƙa kai ziyara ya tabbatar ana kula da shi. Ba kowane dangi ne ya cancanci a mayar masa da yaro ba, akwai gidajen da daga cikinsu aka ceto shi, don haka ba aikin gaggawa ba ne, kuma dole a yi shi tare da hukumar da doka ta ɗora wa alhakin yara.

Game da hotuna, amsata a'a ce. Yaron da aka sa fuskarsa da sunansa da labarin yadda aka tsince shi a intanet ba a nemi yardarsa ba, ko an nema ma ba zai iya cewa a'a ga mai ciyar da shi ba, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Wata rana zai nemi aiki ko aure, wani ya binciko. Ban da haka, kun nuna wa mugu inda yaro mara gata yake kwana. Ku nuna aikin maimakon yaron: hannaye a kan littafi, malami a gaban allo, sakamakon gwajin karatu ba tare da sunaye ba. Haka nan masu ziyara, komai girman abin da suka kawo, kada a bar su su kaɗai da yara, kada kuma a jera yaran su yi musu waƙar godiya kamar sun ci bashi.

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Zan taɓa maganar zakka kawai. Aya ta 60 a cikin Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, kuma maraya ba ya cikinsu da sunan maraici. Yana shiga ne idan ya kasance faƙiri ko miskini, wanda shi ne halin mafi yawan yaran irin gidanku. Jumhurin malaman mazhabobi sun tafi a kan cewa zakka ana mallaka ta ne ga wanda ya cancanta, don haka ba a gina masallaci ko makaranta ko gada da ita, ko da yake wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar "fi sabilillahi". Mafita daga saɓani ita ce ku buɗe wa zakka shafinta daban a littafinku, ku kashe ta a kan ci da sutura da magani da kuɗin makarantar yaran da suka cancanta, ku kuma gaya wa mai bayarwa haka tun kafin ku karɓa. Ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa ya duba muku tsarin.

Wanda ke son ladan da ba ya yankewa kuwa, ku nuna masa waƙafi. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu fili a Haibar ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa in ya so ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfaninsa, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Da irin wannan ne manyan makarantu kamar Azhar suka rayu ɗaruruwan shekaru. Idan har wani ya dage sai gini, to gara ya gina muku abin da za a ba da haya ana biyan malaman yamma da kuɗinsa, a kuma rubuta takardar waƙafin da shaidu, domin kada magada su taso daga baya.

Sakatariyar Kwamiti ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan kai maganar kasafin shekara da ta malaman yamma gaban kwamiti, kuma ina ganin za su karɓa. Inda nake hango turjiya shi ne maganar Malam Jami'i. Akwai yaran da aka kawo mana suna jarirai, ba a san kowa nasu ba, waɗannan ba su da inda za su koma. Sannan wasu 'yan kwamiti za su ce idan mai bayarwa ya ji cewa yaron yana gidan kakarsa, zai ɗauka ba ya cikin buƙata, ya janye hannunsa. Idan kuma ya zo ziyara ya ga gadaje babu kowa, zai ce aikin ya mutu. Akwai kuma wasu da suka riga suka ba da wani abu da sunan ginin tun kafin a ƙaddamar da gidauniyar. Yaya za mu yi da kuɗinsu idan an fasa ko an ɗage?

Tsohon Ma'aji ya sake amsawa:

Kuɗin da aka bayar da sunan gini na gini ne, Malama, ba ku da ikon juya shi zuwa albashi ko da buƙatar ta fi tsanani, kuma a ƙasashe da yawa doka ma ta hana. Ku je wurin kowane ɗaya daga cikinsu, ku gaya masa an ɗage ginin da dalilin ɗagewar, ku ba shi zaɓi: ko ya yarda a rubuce a mayar da kuɗin ga karatun yara, ko a ajiye shi a asusu na daban har lokacin ginin, ko a mayar masa da abinsa. Galibi za su zaɓi na farko, kuma wanda aka nemi izininsa yakan sake bayarwa.

Jariran da ba a san danginsu ba, su ne suka fi buƙatar a nema musu iyalan da za su riƙe su ta hannun hukuma, kuma kafin a samu, gidanku ne gatansu, don haka ba wanda ya ce ku rufe. Masu tsoron gadon da babu kowa kuma, ku canja abin da kuke ƙirgawa a rahotonku: maimakon yawan masu kwana a gidan, ku riƙa bayyana yawan yaran da ke makaranta a ƙarƙashin kulawarku, na ciki da na wurin dangi, tare da abin da kowane rukuni ke ci a shekara, domin mai bayarwa ya kwatanta da kansa. A takardar gidauniyar kuma ku rubuta manufar da faɗi, cewa kuɗin na karatu da kula da yaran da gidan ke ɗawainiya da su ne, ko suna ciki ko sun koma hannun dangi, sannan ku ƙara layi ɗaya da ke faɗin inda kuɗin zai tafi idan abin da aka tara bai kai adadin da ake nema ba, ko kuma ya zarce shi.